Yininka Ɗaya a Tsibiri da Ƙullin Hajiya Kulu

Gusau, ranar Talata

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, ko a mota ka buɗe ta, ko a jirgin sama, ko sai ka isa kan ruwan. Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka da kowa.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a ƙasan jakarka, alhali gida ɗaya muke kwana, kuma jibi ne ma tafiyar. Dalilin ba wani mai nisa ba ne. In na zaunar da kai ina magana, sai ka sunkuyar da kai kana “to Baba, to Baba” har in gaji in yi shiru, ka tashi ka je ka yi abin da ka shirya tun farko. Shekara ashirin da bakwai ina jin wannan “to Baba”, na ƙoshi da ita. Shi ya sa na nemi biro na rubuta, don ka karanta a inda babu wanda za ka sunkuyar wa kai.

Shekara huɗu ka yi kana neman aiki bayan ka gama makarantar koyon girki da aikin otal. Ni na san zaman da ka yi a ƙofar gidan nan, na san yadda kake shigewa ɗaki in abokanka sun zo da labarin albashi. Yanzu Allah Ya buɗa, an ɗauke ka aiki a kicin na babban jirgin ruwan nan da ke yawo da masu shaƙatawa daga tsibiri zuwa tsibiri. Da bakinka ka karanta mini takardarsu. Bayan mako uku kana aiki za a ba ka hutun yini ɗaya, ranar da jirgin zai tsaya a wani tsibiri mai zafi da itatuwan kwakwa. Za a buɗe muku ƙofa ƙarfe takwas na safe, kuma dole kowane ma'aikaci ya kasance a ciki kafin ƙarfe huɗu na yamma. Wanda ya makara, jirgi zai tafi, a bar masa fasfonsa a hannun wani jami'i a tashar, aikinsa kuma ya ƙare daga ranar. Wannan wurin ka karanta shi da sauri kamar mai tsallake kwata, ka naɗe takardar ka sa aljihu.

Sai ga shi ranar Lahadi ina kishingiɗe a soro, kai da abokinka Murtala kuna waje a kan benci, na ji kana lissafa masa yadda za ka yi da yinin nan. Za ka hau wani dutse da aka ce ya taɓa aman wuta. Za ka yi wanka a wani ruwa mai zubowa daga saman tsauni. Za ka shiga kasuwa ka yi wa kowa tsaraba, ka nemi masallacin garin ka yi salla a ciki, ka ci gasasshen kifi a bakin teku, ka ɗauki hoto da wani ƙaton kunkuru. Bayan duk wannan kuma za ka shiga mota ka tsallaka can ɗaya gefen tsibirin, tafiyar awa biyu, ka kai wa Likita Ɗahiru saƙon mahaifiyarsa Hajiya Kulu, maƙwabciyarmu 'yar Bilbis. Murtala yana ta cewa ai yini dogo ne. Ni kuwa na tashi zaune, don barcin ma ya gudu.

Nasiru, awa takwas aka ba ka, ba watan azumi ba. Dutsen Kwatarkwashi yana nan a garin ubanka, sau ɗaya ka taɓa hawansa, ka tsaya a rabi kana haki har sai da aka ba ka ruwa. Gulbin Bungudu kuma ba ka taɓa shiga ya wuce gwiwarka ba. Yau kai ne mai hawan dutsen wuta da wanka a ƙarƙashin tsauni? Kunkurun kuma me ya yi maka?

Amma in na tsaya na duba, laifin ba naka ba ne kai kaɗai. A nan ka tashi, ka ga yadda muke tafiya. Mota ba ta tashi sai ta cika, in ta cika ma ba ta tashi sai wanda ya je alwala ya dawo, sai matar da ta je sayen ƙosai ta dawo. Mutum ya ajiye hularsa ko butarsa a kan kujera, ya shiga gari ya yi aski, ya dawo ya tarar ana jiransa, har ya yi faɗa don an matsa masa buta. Shekara talatin da ɗoriya ina jan mota tsakanin Gusau da Tsafe da Funtuwa, wani lokaci har Sakkwato, ban taɓa tashi na bar wanda na san ubansa ba. Mu muka ɓata ku. Kuka girma kuna ganin duk abin hawa yana da ido, yana da kunya, kuma ya san gidanku.

Ni ma haka na ɗauka, har ranar da jirgin ƙasa ya koya mini hankali. Ina ɗan shekara ashirin Kawu Bawa, ƙanen kakarka, ya samo mini aiki a wata masaƙa a Kaduna, ya aiko cewa lallai in bayyana ranar Litinin da safe. Na zo tashar jirgi nan Gusau da ƙullin kayana da sabuwar hula, na samu wuri kusa da taga na zauna. Ina leƙawa waje sai na hango wani mutumin garinmu yana sayar da rake a bakin tasha. Na ce ai bai kamata in bar gari ban gaya masa na samu aiki ba. Na cire hula na ɗora a kan kujera don a san da mutum, na sauka. Muka fara gaisuwa. Muka gaisa a kan gida, muka gaisa a kan damina, muka shiga labarin wata saniya da ta ɓace, ya feraye mini rake ina sha. Na ji jirgi ya yi kuka, na ce a raina ai sun ga hulata. Ya sake kuka, na ce bari in ƙarasa wannan gaɓar. Da na waiga sai na ga taragu suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Na bi shi a guje da rake a hannu, ina ɗaga murya ina cewa akwai mutum, akwai mutum, har takalmina ɗaya ya cire. Wani dattijo ma'aikacin tashar ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Kai yaro, wa ya hwaɗa maka jirgi na jiran hula?”

Kafin in haɗa wasu kayan in sake kama hanya, kwana huɗu sun wuce. Na isa Kaduna na tarar an ba wani wurin. Kawu Bawa bai zage ni ba, ya dai yi shekara biyu in na gaishe shi yana amsawa a taƙaice. Daga nan na dawo na zama karen mota. Ban ce na yi nadamar tuƙi ba, da shi na ciyar da ku na tufatar da ku. Amma ba ni na zaɓe shi ba, gaɓar rake ce ta zaɓa mini.

Saboda haka ka saurara. Wanda ke jan wannan jirgi bai san ni ba, bai san Gusau ba, ba zai tambayi ko ɗan wa ya rage ba. Sun ce ƙarfe huɗu, kai ka sa a ranka ƙarfe biyu. In ka dawo da wuri ka zauna a inuwa kana kallon jirginka, babu wanda ya taɓa rasa aiki don ya riga kowa dawowa. Kuma ka ce mini wani lokaci agogon jirgi daban, na garin daban. To ka ɗaura agogon hannun nan da na ba ka, ka saita shi da na jirgi kafin ka sauka, kada ka dogara da waya mai canza lokaci yadda ta ga dama. Kada ka tambayi mutumin gari ƙarfe nawa, nasa zai gaya maka, shi kuma ba inda za shi.

Maganar jerin abubuwan nan naka kuwa, ni ma na taɓa yin irinsa, kuma ban taɓa ba ku labarin daidai ba. Kun sha ji ina cewa na je Ikko. Gaskiya ne, na je sau ɗaya, na raka wani abokina direban babbar mota da ya ɗauki shanu. Muka sauke kaya, ya ce gobe da yamma za mu juya, yinin nan nawa ne. Abu ɗaya nake so a duniya ranar, in ga teku da idona. Amma da na zauna shiri sai na ce ai ba kullum ake zuwa Ikko ba. Zan fara shiga babbar kasuwa in saya wa innarku atamfa, in ga dogayen benaye, in hau doguwar gadar nan, in kai saƙon daddawa da aka ba ni in kai wa wani ɗan Karakkai mai sayar da goro, sannan in ƙarasa bakin teku da yamma in huta. Na fara da saƙon, don in sauke nauyi. Wanda ya ba ni ya ce da na shiga unguwar Hausawa in ce ɗan Karakkai, kowa ya san shi. Ashe 'yan Karakkai uku ne a wurin, kuma nawa ya tashi ya koma wata unguwa. Na shiga bas, bas ta shiga cunkoso, muka tsaya cak. Ina zaune da ƙullin daddawa a cinya, rana ta buɗe, daddawa ta fara aikinta, mutane suna toshe hanci suna harara ta da wani yare. Da na samu mutumin la'asar ta yi. Ban ga kasuwa ba, ban ga gada ba, atamfar innarku a Funtuwa na saye ta a hanyar dawowa na ce ta Ikko ce. Da ƙyar na riski motarmu. Abokina ya tambaye ni yaya teku, na ce masa ruwa ne mai yawa. Har yau da furfurata ban taɓa ganinsa ba.

Wanda ya ɗebo abu bakwai a yini ɗaya a mota zai yini, wannan na gani da idona. Ka zaɓi ɗaya, mafi kusa, wanda in ka waiga za ka hango jirginka. Kifin nan na bakin teku ya ishe ka. Ka zauna ka ci a natse, ka sa ƙafa a ruwa iya idon sawu, ka yi sallarka a wuri mai tsabta, ƙasar Allah ce duka. Abin da za ka ci da wanda za ka bari, kai ne mai girki, ka fi ni sanin abin da ake zubawa a tukunya, ka dai tambaya kafin ka kai baki. Tsaraba kuwa mun yafe. Innarku ta ce a gaya maka ita ba ta yafe ba, tana son gyale. Na ce mata akwai gyale a kasuwar Gusau, ta ce ai ta san inda atamfar Ikko ta fito. Ashe duk shekarun nan ta sani ta yi shiru.

Sai maganar direbobin da za ka tarar a bakin tashar. Ban taɓa zuwa tsibirin nan ba, amma na san su, don 'yan uwana ne. Za su tare ka da fara'a, su karɓe maka jaka, su ce wurin nan kusa ne, yanzu za mu je mu dawo. Nasiru, ni na faɗi wannan magana fiye da sau dubu. Na ce wa fasinja saura mutum ɗaya alhali saura biyar. Na sa 'yan kamasho sun zauna cikin mota kamar matafiya don a ga ta kusa cika, mutum na shiga ya zauna sai su zame ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa ce wa wata mata mai zuwa asibiti za mu isa Gusau kafin hantsi, ina sane da cewa tayata ɗaya ba ta da lafiya, kuma a Tsafe muka yi azahar wurin mai faci. Tana kuka tana cewa likitan ranar kaɗai yake zama. Na ba ta haƙuri, na ce haka Allah Ya so, alhali tun a tasha na san yadda za a yi. Allah Ya yafe mana. In direba ya ce maka awa ɗaya, ka lissafa biyu. In ya ce zai jira ka, ka duba ko akwai wata motar a wurin in shi ya ɓace. In ka ga hanya ɗaya ce tal ta shiga wurin ta fita, ka tuna babbar mota guda in ta kwanta a kai ta ishe ka rasa aikinka.

Yanzu na zo kan abin da ya hana ni sukuni, wato ƙullin Hajiya Kulu. Na gan shi a kusurwar ɗakinka: kuka, kuɓewa busasshiya, yaji, daddawa, har da kilishi. Na farko dai ban san ko za a bar ka ka wuce da su a filin jirgi ba, kilishin nan musamman, ka tambaya tun kafin a kwance maka jaka a gaban jama'a. Na biyu, ita Hajiya gani take ƙasar waje gari ɗaya ce, in ka sauka ka tambayi gidan likita ɗan Bilbis za a nuna maka. Kai kuma da ka san tafiyar awa biyu ce zuwa, awa biyu dawowa, ka buɗe baki ka ce mata in sha Allahu hannu da hannu.

Jiya na shirya na tafi gidanta don in warware wannan alkawari. Na tsara maganata tun daga gida: yaron nan sabon ma'aikaci ne, lokacinsa kaɗan ne, a yi wa Ɗahiru waya ya zo bakin tasha ya karɓa. Ta ce sun yi waya, ranar yana da aiki a asibiti da safe, ba zai samu fitowa ba, amma matarsa na gida, shi ma zai dawo da rana. Na buɗe baki zan ce to a haƙura, sai ta riga ni.

“Alhaji, shekara tara rabona da yaron ga,” in ji ta. “Ɗiyanai ukku, ban taɓa ɗaukar ko guda ba, sai cikin waya. In Nasiru ya kama hannunai, ya zaka ya kama nawa, ya ishe ni.”

Na je in hana, na dawo da ƙarin ƙullin yaji da ta ce ta manta. Ina tafe ina jin haushin kaina, ina jin haushinka, ina jin haushin likitan da ya rasa inda zai yi aiki sai bayan tsibiri. Na kuma san ko na hana ka za ka ce “to Baba” ka tafi, don ka riga ka yi wa tsohuwa alkawari. To in ka ga dole sai ka je, ka soke duk sauran, har kifin. Ka fita ƙarfe takwas, ka miƙe can kai tsaye. Kuma ba hanyar ce ta fi ba ni tsoro ba. Tabarmar gidan nake tsoro, domin na san halinka, kuma na san inda ka samo shi.

Abin da zan gaya maka yanzu ko innarku rabinsa ta sani. Kana da shekara biyu lokacin. Na kai 'yan biki Sakkwato ina dawowa ba fasinja, na tsaya a Mafara da safe, sai wani direba ɗan uwana ya tare ni ya ce an yi ta nemana, jikin Inna, kakarka, ya tsananta a Kwatarkwashi, kuma tana kirana. Lokacin babu waya a hannun kowa. Na tada mota na kamo hanya. A cikin motar akwai saƙon yadi da aka ba ni in kai wa Alhaji Mamman a Bungudu, ubangidana, mutumin da ya fara damƙa mini makullin mota. Gidansa a bakin hanya yake. Na ce minti biyar ne, in miƙa in wuce.

Da ya gan ni ya yi murna, ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya ce rabonsa da ni tun salla. Na zauna a ɗofane. Muna cikin gaisuwa na ji kukan zakara a cikin gida, an kama shi. Na ce Alhaji da an bari, sauri nake, Inna tana ɗan fama da jiki. Ka ji yadda na faɗa? Tana ɗan fama da jiki, yadda muke faɗa ko ciwon kai mutum yake yi. Ya ce Allah Ya sawwaƙe, in ci abinci in wuce, yanzu za a gama. Ban ce masa tana kirana ba. Na ji nauyin in nuna kamar abincinsa bai kai in jira ba, na ji nauyin tashi an riga an yanka abu domina. Na zauna. Hantsi ya yi, rana ta take, ina jin ƙarar turmi a cikin gida, ina kallon motata a waje. Sau uku ina gyara zama zan miƙe, sau uku yana cewa ga shi nan an kusa. Aka kira azahar muka yi salla. Aka kawo tuwo da miyar zakara, na ci. Har yau ina tuna miyar ta yi daɗi, kuma wannan ne abin da na kasa yafe wa kaina.

Daga Bungudu zuwa Kwatarkwashi ba wata tafiya ba ce, ka sani. Na isa kafin la'asar, na tarar da maza zaune a ƙofar gida a kan tabarmi, ba wanda ya ɗago ya dube ni sosai. Ta cika ana kiran azahar. Goggonka Asabe ta gaya mini daga baya cewa tun safe duk motar da ta wuce a titi sai Inna ta buɗe ido ta ce a duba ko ta Sani ce.

Kwana uku bayan nan Alhaji Mamman ya zo ta'aziyya. A wurin ya ji lokacin da saƙo ya same ni da lokacin da ta rasu, ya lissafa da kansa. Ya ja ni gefe, idonsa ya yi ja, ya ce, “Sani, don mi ba ka hwaɗa min ba? Wallahi da ni da kaina zan kore ka.” Gaskiya ya faɗa. Mutumin kirki ne, bai riƙe ni ba. Bakina ne ya kasa faɗin magana yadda take, ƙafata kuma ta kasa tashi daga tabarmar mutum.

Kai kuma haka kake, na sha gani. Na aike ka gidan mutane karɓo abu ka yini, ka dawo ka ce sun ce ka jira abinci. Aski ma in wanzami yana ba ka labari ba ka iya cewa ya isa. To ka sani, mutanen gidan Ɗahiru sun yi shekaru ba su ga ɗan gida ba. Za su rasa inda za su sa ka. Matarsa za ta buɗe ƙullin nan ta ji ƙamshin daddawa, ta ce wallahi ba za ka tafi ba sai ka ci miyar kukar da ka ɗauko tun daga Gusau. Za a ce maka likita na hanya, saura kaɗan. Yara za su hau cinyarka. Za a kira Hajiya Kulu a waya tana kuka tana sa maka albarka. Duk da zuciya ɗaya za su yi, kuma ba ɗayansu da zai duba agogo, don ba su aka ba ƙarfe huɗu ba.

Ga abin da nake so ka yi, kuma wannan umarni ne, ba shawara ba. Tun a bakin ƙofa, kafin ka cire takalmi, ka faɗa musu da baki buɗe: ƙarfe goma sha ɗaya da rabi zan tashi, in na makara jirgi zai tafi ya bar ni, aikina ya ƙare. Kada ka ce kana ɗan sauri, kada ka ce ba ka so ka daɗe, ka faɗe ta da gaɓoɓinta yadda ba wanda zai ɗauka kara ce. Kada ka sallami motar da ta kai ka. Ka sha ruwa, ka ɗauki yaran, a yi hoton da tsohuwa take so. In likita ya iso ka kama hannunsa, in bai iso ba ka kama na ɗansa, jini ɗaya ne, ni zan yi wa Hajiya bayani. Lokaci na cika ka miƙe, ko an tuƙa tuwo, ko an kwashe, ko an ajiye shi a gabanka an buɗe.

In ka ji kunya ta riƙe maka ƙafa, ka ɗora laifin a kaina. Ka ce ubanka wani tsohon direba ne mai faɗa, marar ta-ido, ya sa ka yi masa alkawari ba za ka ci abincin kowa ba ranar. Su ce ban iya tarbiyya ba, su ce mutanen Kwatarkwashi ba su san karamci ba, na ɗauka. Na yarda a ji haushina a garin da ban taɓa gani ba, in dai ƙarfe huɗu za ta same ka a cikin jirginka. Ni na zauna na ci, Nasiru, kuma shekara ashirin da biyar ke nan ban gama haɗiye wannan tuwo ba.

Innarku na gaishe ka, ta ce ka riƙe salla, ka riƙe addu'ar fita da ta shiga. Ni ma na sa maka albarka. Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka a tudu da kan ruwa, Ya ba ka bakin faɗin gaskiya da ƙafar tashi a kan lokaci, Ya dawo mana da kai muna raye. Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta yafe mini. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Alhaji Sani Direba